Abin da tafin ƙafata ya ajiye mini

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a nan Damagaram, saura kaɗan in ajiye alli. Yatsu uku suka rage a ƙafata ta hagu, kuma ƙafafun nan biyu yau ko garwashi na taka sai dai wani ya gaya mini. Ciwon suga ne ya yi mini haka. Shi ne kuma sanadin da na kama rubutu bayan na haura shekara arba'in. Na daɗe ina jan ƙafa kan ba da labarin nan, don ba kowa ke son a san lalurarsa ba, amma na ga mutane da yawa suna bin hanyar da na bi, wasu ta wajen ciwo, wasu ta wajen alƙalami.

A Birni aka haife ni, cikin lungunan bayan fadar Sarki, inda gida ke jingine da gida, dutse kuma ya fito tsakiyar hanya sai an kewaye shi. Babana tela ne a Kasuwar Dole. Ba mu kwana da yunwa, amma takalmi sau ɗaya ake saya wa yaro a shekara, na roba, gab da komawa lakwal a watan Oktoba. Da an rufe makaranta a ƙarshen Yuni, Inna ta ɗaure mini kayana a ɗankwali ta tura ni wurin mahaifiyarta, a wani ƙauye kudu da Mirya. Dalilin a fili yake. Baki ɗaya ya ragu a gida, Kaka ta samu mai kai fura gona, ni kuma na huta da layin famfo, don garin nan kan dutse yake zaune, ruwa kuwa tun muna yara ake shan wahalarsa.

Ranar Lahadi muke tafiya, ranar kasuwar Mirya. In Kawu ya gama cin kasuwa sai mu hau amalanken shanu, ni a tsakanin tulunan da ya sayo, mu ratsa cikin kukoki har la'asar. Ina sauka, kafin ma in sha ruwa, Kaka za ta miƙo hannu: "Kishiya, kawo takalman nan. In kika kashe su a nan, da me za ki koma wurin mushe?" Mushe muke ce wa malamin makaranta. Kaka ta jefa takalman cikin ƙwarya ta ɗora a ragaya, ba za su sauko ba sai ƙarshen Satumba. Tattali ne kawai irin na wadda ta san kuɗin takalmi.

Makon farko kuka nake sha. Tsidau ɗin bara yana nan ɓoye cikin rairayi, ƙayar aduwa kuma in ta shiga sai ta karye a ciki. Yaran gari su yi ta yi mini dariya, "ƴar birni, ƴar birni," suna gudu kan abin da ni nake ɗingishi a kai. Da dare Kaka ta ɗora ƙafata a cinyarta, ta jawo fitilar ƙwai, ta ɗauko matsefata ta yi ta tono tana tsokanata, wai da irin wannan ƙafa zan ƙwace mata miji. Kakana kuwa ya daɗe a ƙasa. In ta gama ta shafa mini man shanu. Kafin wata ya mutu kaushi ya fito, ni ma na shiga gudu.

Daga nan na fara sanin ƙasa ba iri ɗaya ba ce. Jigawar da aka yi wa ruwa da dare tana wayar gari da ɓawo a sama, in ka taka ya fashe, sanyin da ke ƙarƙashi ya ratso tsakanin yatsu. Fako ba ya shan ruwa, santsi yake yi, nan ake faɗuwa da ƙwaryar fura. Lakar bakin tafki tana riƙe ƙafa har idon sawu, ta sake ta da ƙara. In hantsi ya dubi ludayi, rairayin hanyar gona ya ɗau zafi, sai ka koyi auna tazara: daga inuwar wannan aduwa zuwa wancan kalgo za ka iya da gudu ɗaya, ko kuwa sai ka haye busasshen kashin shanu a tsakiya ka ɗaga ƙafa ɗaya ka huta. Gawo ba a sa shi a lissafi, don da damina yake zubar da ganye, ba shi da inuwar da zai ba ka. Ƙunar ƙafa ce ta koya mini wannan tun kafin in gani a littafin kimiyya.

Shuka ma da ƙafa ake yin ta. Kawu yana gaba da sungumi yana sara, mu muna biye, mu sake ƴan ƙwayoyin gero a rami mu rufe da dunduniya, ba a duƙawa. Dunduniyar ce ke jin ko ramin ya rufu, ko danshi ya kai inda ake so. Can ƙarshen hutu, in karangiya ta nuna ta fara maƙalewa a bakin zane, aka kuma fara gasa tumu, to na san ƙwaryar ragaya ta kusa saukowa.

Kada wani ya ɗauka daɗi ne zalla. Kunama ta harbe ni a gindin rumbu. Faso yana tsagewa har jini. Ga kuma kurkunu. Tafkin da muke wasa a ciki shi muke sha, ƙwayar cutar kuwa tana cikin wasu ƙananan halittun ruwa da ido ba ya kula da su. Mutum ya sha, sai bayan kusan shekara tsutsar ta ɓullo, galibi a ƙafa, daidai lokacin da ake noma. Na ga Kawu, ƙaton namiji, kwance yana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan kullum, ciyawa na cinye masa gona. In zafi ya ishe shi ya ja jiki ya tsoma ƙafar cikin tafki don ya ji sanyi, ashe a lokacin take zuba ƴaƴanta cikin ruwan da za mu sha gobe. Sai da aka zo da tace ruwa da ƙyalle, aka haƙa famfunan ƙauye, sannan abin ya ja baya, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da shi. Ƴaƴana ba su taɓa ganinsa ba, alhamdulillahi.

Hutun 1984 kuwa dabam yake. Ina da shekara goma. Aka yi ruwa aka shuka, shukar ta tsiro ta ƙone. Aka sake, ta sake ƙonewa. Har Agusta ta shiga ƙasa tana nan da zafinta na bazara, tafki ya zama tsagaggen fili. Ban taka laka ba a hutun nan kaf. Mata suna jiƙa anza kwana da kwanaki suna sake mata ruwa don ɗacin ya fita, wasu suna sussukar karangiya. Maza suka watse neman abinci, ga shi a shekarar ce Nijeriya, ƙarƙashin mulkin Buhari, ta rufe iyakarta, shi ya sa har yau tsofaffi ke kiran yunwar da El Buhari. Tun kafin hutu ya ƙare aka maido ni Birni.

Da aka koma aji, mushe ya rubuta a allo abin da ake rubutawa duk Oktoba: kowa ya ba da labarin hutunsa. Da Faransanci, ba sai an faɗa ba. Zamanin nan in aka ji ka yi Hausa a harabar lakwal za a rataya maka sambol a wuya, ka yi ta farautar wanda za ka miƙa wa kafin a tashi. Akwai ƴar wani ma'aikacin gwamnati a ajinmu wadda ake kai ta Yamai hutu, ta sha ba mu labari. Sai na rubuta cewa ni ma Yamai na je, na tsaya kan Gadar Kennedy na ga kogi, aka kai ni gidan tarihi na ga zaki. Yamai kusan kilomita 900 take daga nan, ni kuwa ko Takeita ban taɓa zuwa ba. Mushe ya ba ni maki mai kyau, ya karanta wa aji. Ranar na fahimci abin da makaranta take so a rubuta, na kuma fahimci anza da ƙafa ba takalmi ba sa ciki. Babu wanda ya faɗa mini haka da baki, makin ne ya nuna mini.

Na yi kwalej, na shiga makarantar horon malamai, na kama aiki, na yi aure. Ƙauye ya zama sai gaisuwar mutuwa, ciki har da ta Kaka. Son rubutu bai bar ni ba. Na gwada waƙoƙi da Faransanci, sai su fito da muryar wasu. Da littattafan Kano suka cika kasuwa a shekarun 1990 muna karɓa hannu da hannu, na ce bari in yi irinsu, na cika shafuka da gidajen bene da motocin da ban taɓa shiga ba. Ban taɓa kai ko ɗaya ƙarshe ba. Na yanke wa kaina cewa masu rubutu mutane ne da wani abu ya faru da su, ni kuwa babu abin da ya faru da ni. Duk Oktoba kuma ni ma in rubuta wa yara tambayar mushe a allo, su kawo mini tafiyarsu ta Yamai, in gyara da jan bik in mayar musu.

Bayan haihuwata ta ƙarshe na fara ƙishirwar da ruwa ba ya kashewa, ga fitsarin dare, ga rama. Aka auna jini da safe kafin in ci komai. Likita ya ce in ya kai gram 1,26 a lita to suga ne, nawa kuwa ya yi nisa da wucewa. Aka rubuta mini ƙwayoyi. In albashi ya zo in saya, in wata ya yi nisa in jinkirta, kamar yadda yawancinmu ke yi. Bayan wasu shekaru tafin ƙafata ya fara zafi da suka da dare har ya hana ni barci. Sai wata rana na lura zafin ya tafi. Na yi murna, na gaya wa mijina Malam cewa ƙafa ta warke. A nan nake so mai suga ya tsaya ya saurara da kyau. Suga in ya daɗe sama yana cin jijiyoyin da ke kai ji, daga yatsun ƙafa yake farawa ya hauro. Zafin nan alama ce jijiyar tana raye tana kuka, shirun da ya biyo baya kuwa mutuwarta ce. Na koma jin kamar kan katifa nake tafiya. Silifas ya kan fice mini a hanya sai yara su biyo ni da shi, mu yi dariya.

Takalmi ne ya ji mini ciwo, ba ƙaya ba. Bikin ƴar ƙanwata aka yi, aka yi mana ƙunshi, na sa sabon takalmi da aka kawo tsaraba daga Kano, ya ɗan matse ni amma ban ji ba. Na wuni a tsaye, daga wurin tukwane zuwa tarbar baƙi, har aka kai amarya. Bororo ya tashi a ƙaramin yatsa ya fashe, ban sani ba. Lallen kuma ya kama sosai, ya rufe jan da ya kamata in gani. Ƴata ce ta fara jin wari tana gyara mini shimfiɗa.

Dangi suka taru, kowa da abin da ya gani. Wata gwaggona ta rantse ajiya aka yi mini a ƙofar gidan biki na taka, in ba haka ba yaya ciwo zai ci nama mai shi bai ji ba? Maganar ta shige ni, don ni ma ban san amsar ba. Aka kawo mai magani, ya ba da gari a barbaɗa da wani a yi hayaƙi. Ba na zargin kowa, ƙauna ce ta kawo su. Amma makonnin nan su suka ci yatsun. Sai da zazzaɓi ya kwantar da ni, ƙafa ta kumbura ta yi baƙi, Malam ya ce ya isa, ya sa ni a mota sai asibiti. Aka cire biyu. Aka ce da mun ƙara jinkiri da daga gwiwa za a yanke.

Kafin a sallame ni likita ya zo da wani siririn zaren roba, ya ce, "Madam, rufe idonki, in kin ji na taɓa ki ce e." Na rufe ina jira ya fara. Can ya ce in buɗe, ya gama. Ya taɓa wurare da dama a ƙafafun biyu. Ya ce, "Daga yau ko tsakar ɗakinki kada ki taka ba takalmi. Har abada."

Cire yatsun bai sa ni kuka kamar wannan maganar ba, kuma na kasa gaya wa kowa dalili, don ni kaina ban gane ba. Na fi shekara ashirin ban yi tafiya ba takalmi da son raina ba, to me aka ƙwace mini?

Jinyar ta faɗo cikin babban hutu. Ina kwance a ɗaki, ruwa na dukan kwano, ina jin yaran lungu sun fito da gudu suna ihu cikin ruwan da ke gangarowa daga duwatsu. Sai in juya fuska bango. Na tsani sallamar masu dubiya, na gaji da "sannu" da "Allah ya sa kaffara," ko da yake na san addu'a ce. In na idar da salla a zaune sai in kasa roƙon komai. Malam ya sayar da babur ɗinsa saboda allurar insulin da wankin ciwo, ya koma zuwa aiki a kabu-kabu, bai taɓa yi mini gori ba, wannan ma ya zame mini nauyi. Zan faɗi gaskiya, har lissafin wadda zai auro nake yi da dare. Ina kuma tunanin aji: malamar firamare a tsaye take wuni, tsakanin allo da layin tebura. Na ce tawa ta ƙare.

Autata ce ke wanke mini ƙafa da yamma. Wata rana tana tsane mini tsakanin yatsu ta ce, "Mama, yanzu in kin taka ƙasa ba ki jin komai?" Na ce ba na ji. Ta ce, "To da can me kike ji?" Yarinyar da aka haifa kan siminti, da takalmin makaranta da na gida da na Salla. Na buɗe baki in ce mata ƙasa ƙasa ce, sai na ji ina ba ta labarin ɓawon jigawa. Daga nan sai fako, sai kashin shanu, sai matsefatar Kaka. Har aka kira isha ba mu tashi ba. Rabona da yin magana mai tsawo haka tun kafin asibiti. Da safe ta kawo mini ragowar kayenta na lissafi, wato littafin rubutu, da bik, ta ce in rubuta, ita ba za ta iya riƙewa duka ba.

Da Faransanci na fara, don da shi kaɗai aka koya mini riƙe alƙalami. Ina kaiwa inda Kaka za ta yi magana sai hannuna ya tsaya, tsohuwar ta ƙi buɗe baki. Na koma Hausa. Abin dariya, a nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar mai koyarwa da Hausa da Faransanci tun 1973, amma ni ba a can aka sa ni ba, na girma ban san yadda ake rubuta harshen da nake mafarki da shi ba. Wata abokiyar aikina da ta koyar a irin waɗannan azuzuwa ita ta riƙa zuwa tana nuna mini inda ake sa ƙugiya da inda ake raba kalma. Ta zo dubiya, ta koma malamata.

Ga yadda nake yi, ko wani zai amfana. Ba na fara da cewa zan ba da labarin yunwa, ko labarin Kaka. In na fara haka, abin da kowa ya sani nake rubutawa. Wuri ɗaya nake zaɓa wanda ƙafata ta taɓa takawa, da lokaci ɗaya na yini, in tsaya a nan, ba na gusawa sai na iya faɗin ko da zafi ko da sanyi, da laushi ko da kaushi, da abin da ya maƙale a yatsa. In na samu wannan, sauran suna zuwa da kansu: wa ke gabana, me ke kaina, me aka ce.

Wata rana na zaɓi cikin rumbu. Da yake ni ce ƙarama mara nauyi, ni ake ɗagawa a zura ta sama in miƙo damman gero. Na rubuta yadda zangarniya ke sukar tafin ƙafa, yadda dammai ke motsi in ka taka, da ƙaiƙayin da ke bin ƙauri. Ina cikin rubutun sai wani abu ya faɗo mini wanda na fi shekara talatin ban tuna ba. A hutun 1984 ma Kaka ta zura ni, da tsintsiya da ƴar ƙwarya. Na yi ta sauka ina jiran in ji gero, har hannunta ya miƙe ta sake ni, ƙafata ta dira kan dandan rumbun. Ban taɓa sanin yana da ƙasa ba. Na share abin da ya zuba tsakanin karare, bai cika ƙwaryar ba, rabi ma kashin ɓera ne. Da na miƙa mata ta duba ta ce, "Kishiya, kada ki faɗa wa uwarki." Ban faɗa ba. Na tafi na rubuta Gadar Kennedy.

Na ajiye bik na yi kukan da ya fi na asibiti. Amma da na tashi na ci abinci da kaina, ba a lallashe ni ba. Daga ranar ban ƙara cewa babu abin da ya faru da ni ba.

Na koma aiki da sanda, aka sa mini kujera gaban allo. Da Oktoba ta zo na rubuta tambayar nan ta kullum, sannan na ƙara da baki: wanda bai je Yamai ba kada ya kai ni Yamai. Kowa ya rufe ido ya tuna wuri ɗaya da ƙafarsa ta taka a hutun nan. Ya faɗa mana da Hausa tukuna, sannan mu nemi Faransancinsa tare. Aji ya yi tsit, don suna tsammanin tarko ne. Can wani yaro daga baya, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya ce shi turin kurar ruwa ya yi hutun duka, kuma akwai wani gangare kusa da gidansu inda bidoji ke rinjayarsa, sai ya kafa yatsu cikin tsakuwa kurar na jansa. Wata ta ce tallar gujiya ta yi a tasha, kwaltar na narkewa da azahar tana kama silifas. Akwai wanda ya je Yamai da gaske, abin da ya rubuta shi ne ƙafarsa ta yi sanyi ta mutu a cikin bas saboda buhun da aka ɗora masa. Kurakuran nahawu suna nan yadda suke, jan bik bai huta ba. Amma a shekarun aikina duka ban taɓa ɗokin kai kayen yara gida in karanta ba sai lokacin. Da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025 abokan aiki suka yi ta muhawara kan abin da zai canja a aji. Ni dai na san yaron kurar ruwa bai jira doka ba.

Kada a ce Madam ta ce yara su zubar da takalmi. Yaron da ya zo mini aji ba takalmi sai na nemi uwarsa. Akwai tsutsar ciki da ke shiga ta fatar ƙafa, ƙasar gari kuma yanzu cike take da fasassun kwalabe da ƙusa da gwangwani. Na san ina hana su abin da ni na ci moriyarsa, kuma ban warware wannan a raina ba.

Ni kam kowane dare sai na duba ƙafafuna da madubi, sama da ƙasa da tsakanin yatsu. Kafin in sa takalmi sai na zazzage shi na zura hannu. Ruwan wanka da gwiwar hannu nake gwada zafinsa. In na yi alwala sai na tsane tsakanin yatsu. Da hunturu ba na kusantar da ƙafa ga kaskon wuta, safa nake sawa. Mai yankan farce da reza ba ya taɓa ni, ƙunshi kuma a hannu kawai. Wani baduku ya auna ƙafar ya ɗinka mini takalmi mai faɗin baki da laushin ciki, ba shi da kyan gani, shi nake sawa har biki. Ƙaramin ƙurji in ya kwana bai canja ba, asibiti nake tafiya, kowa ya ce abin da zai ce.

Kayen sun taru a akwati. Auta tana buga mini su a waya, wani lokaci in karanta da murya in tura wa zaurukan mata na WhatsApp. Waɗanda suka fi maido amsa tsarana ne da suka yi irin hutun nan, a Matamai ko Magarya ko Tanut, kowacce da tata ƙayar. Kuɗin buga littafi bai samu ba tukuna, insulin ne a gaba.

Bayan kakar bara na sa aka kai ni ƙauye don in karanta wa Kawu, wanda yanzu ido ya yi masa rauni. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba, sannan ya ce akwai gyara. Wai tafkin yamma da gari yake, ni na ce gabas. Wai kurkunun a ƙafar dama ya fito masa. Wai kuma ba ni aka zura rumbu a shekarar El Buhari ba, ɗansa ne, ni ina gefe ina kuka. Na gyara tafkin, na gyara ƙafar. Kan rumbu kuwa muka yi ta ja har fura ta zo. Na ce, "Kawu, ni na taka." Ya ce, "Ke dai ƴar birni ce, kin ji ana faɗa." Na rubuta nasa a shafin da ke kallon nawa, da bakinsa yadda ya faɗa, na ce in an tashi bugawa a buga duka biyun. Ya ce to a fara sa nasa, shi ne babba.